Baƙon da Ya Ci Kan Ragon Kawu Baktigali

Kawuna Baktigali ya ƙare ƙarfinsa yana tuƙa bas a birnin Almati, ko kaza bai taɓa takewa ba. Da ya yi ritaya sai ya ce ya gaji da haya, gida yake so a gindin dutse, mai bishiyar tuffa. Banki kuwa, Allah ya saka masa, ya ji tausayin tsoho ɗan fansho, ya ba shi bashin da sai ya haura shekara casa'in zai gama biya, gidan a jingine.

Kafin a saki kuɗin, banki ya turo wani Nurtas ya duba ko gidan ya cancanta. Aikinsa ke nan: ya zagaya, ya ƙwanƙwasa bango, ya kalli tudun da ke baya. Amma a wurin Kawu duk wanda ya ƙetare ƙofa baƙo ne. Ya yanka rago a gidan da bai ma zama nasa ba. Nurtas ya cire takalmi, aka ajiye masa kan ragon, rabon babban baƙo. Ya yanko kunne ya miƙo mini, wai don in riƙa jin maganar manya.

Na ce, "Yallaɓai, ba za ka leƙa baya ba?"

"Kai ɗan boko, bar mutum ya ci abinci!" in ji Kawu.

Nurtas ya lashe yatsa. "Baba, gidan da ake dafa nama haka ai ba ya faɗuwa."

Ya sa hannu a takarda, ya tafi da ƙunshin nama.

Da ƙanƙarar hunturu ta narke, tudun ya zaftaro da rana tsaka, ya shigo ta tagar ɗakin girki. Ni na jawo matar Kawu daga laka. Banki ya aiko da jaje, haɗe da tunin biyan wata.

A shekarar na gama karatun lauya, don haka na shigar da ƙara: banki ya yi sakaci, ya ba da bashi kan gidan da bai duba ba. In kotu ta yarda, a soke bashin. In ta ƙi, fanshon Kawu na banki ne har ya koma ga Allah. Ni lauyansa ne, ba zan yi shaida ba. Magana ɗaya ake buƙata daga bakinsa: Nurtas bai tashi daga gaban akushi ba.

Ranar zaman kotu, Nurtas ya gaida Kawu hannu bibbiyu. Alƙali ya ce, "Dattijo, mutumin nan ya duba gidan?"

Kawu ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, baƙona ne. Ya ci kan ragona."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Ya duba. Ya duba sosai."

A waje na ce, "Kawu, ka kashe mu!"

"Kul! In tona asirin wanda ya ci gurasata? Da wane ido zan dubi mutane?"

Yanzu yana hayar ɗaki ɗaya kusa da tashar bas, yana biyan gidan da ke ƙarƙashin laka. Shi Nurtas an ƙara masa girma. Jiya Kawu ya aike ni kasuwa in tambayo farashin rago. Wai ba tarbiyya ba ce baƙonka ya sami ci gaba ka ƙi kiransa cin abinci.