Ranar da Teku Ya Shiga Garinsu

A shekarata ta biyu a Greensboro, a Amurka, na koma zama da wani ɗalibi Ba'indiye, a wani ƙaramin gida kusa da jami'a. Ni ina digiri na biyu a fannin noma, shi kuma yana injiniya. Daga wani ƙauyen masunta ya fito, can kudancin Indiya, kuma shi ne na farko a danginsu da ya taɓa hawa jirgin sama. Ba mai yawan magana ba ne, amma duk hutun da ya samu sai ya hau bas a tashar tsakiyar gari ya nufi bakin teku. Ya je Beaufort, ya je Morehead City, har Charleston ya kai. In ya dawo bakinsa kan buɗe, ya yi ta ba ni labarin jiragen kamun kifi da yadda mutanen can suke ɗinke raga, ba kamar yadda babansa yake yi ba. Ni da na tashi a Gusau, ban san ruwan da ya wuce dam ba.

A hutun Kirsimeti na 2004 ya matsa mini lallai sai na raka shi Wilmington, wani gari na bakin teku. Wani Alhaji mutumin Damagaram, da muke haɗuwa a masallacin Juma'a, ya ba mu aron motarsa.

"Malam, ga makulli," in ji shi. "Ku zuba mata esans, kuma ban da gudu." Fetur yake nufi.

Mun isa da rana, sanyi kamar zai tsaga kunne. Abokina ya cire takalmi ya shiga ruwan har idon sawu, yana dariya, ni ina tsaye nesa cikin jaket. Ya ce a garinsu yanzu babu sanyi, kuma babansa tun asuba yake sauka bakin ruwa.

Washegari da safe muka shiga wani ƙaramin gidan abinci mu sha shayi. Akwai talabijin a saman kanta. Da farko ban kula ba, sai na ga ya ajiye kofi ya miƙe. Ruwa ake nunawa, baƙi, yana tafiya da motoci da rufin gidaje. Aka ce girgizar ƙasa ce a ƙarƙashin teku. Sannan aka sa taswira, aka shafa ja a gaɓar kudancin Indiya.

"Nan ne," ya ce, ya nuna da yatsa. "Nan ne garinmu."

Muka fita neman wayar kan titi. Gidansu babu waya, ta wani mai shago ce a bakin hanya ake kira, a aika a kira mahaifiyarsa. Muka sayi katin kira, na kankare masa, ina karanto lambobin yana dannawa. Ba ta shiga ba. Ya gwada ta kawunsa da ke Chennai, layi a cunkushe. Ya sake, ya sake. Ban san abin da zan yi ba, sai na riƙe masa jaka.

Ni na tuƙa mu zuwa gida. Duk gidan man da muka gani sai ya ce in tsaya ya gwada. Sau ɗaya na ce masa in Allah ya so suna lafiya. Ya gyaɗa kai kawai, ni ma na ji maganar ba ta da nauyi a bakina.

Kwana uku muna haka. A rana ta huɗu kawun ya ɗauka. Ina zaune a falo ina jin yarensu, ban gane ko kalma ɗaya ba, sai dai na ga ya zame ya zauna a ƙasa. Da ya ajiye ya ce mahaifiyarsa da ƙanwarsa suna raye, suna wata makaranta da aka tara mutane. Babansa yana bakin ruwa a safiyar. Ba a gan shi ba.

Ya so ya tafi a ranar. Amma bizar da ke fasfonsa ta ƙare, in ya fita ba shi da tabbacin za a bar shi ya dawo, ofishin ɗaliban ƙasashen waje kuma a rufe sai bayan sabuwar shekara. Na raka shi har ƙofar ofishin, muka karanta takardar da aka manna, muka juyo. Da ya samu mahaifiyarsa a waya, ita ma cewa ta yi kada ya zo, babu gidan da zai sauka, ya tsaya ya gama abin da babansa ya tura shi yi.

Alhaji ya zo mana da kula cike da shinkafa da wake, matarsa Hajiya ta dafa ba nama don ta ji abokina ba ya ci. Ya zauna, ya riƙe hannun abokina, ya ce da Hausa, "Allah ya ba ka haƙuri, ɗana." Na fassara masa. Abokina ya ci cokali biyu don kada Alhaji ya ji ba daɗi.

Bayan Alhaji ya tafi ya tambaye ni, "Ku in mutum ya mutu ba a ga gawarsa ba, me kuke yi?"

Na ce akwai sallar da ake yi wa wanda ya rasu a nesa, a tsaye, ba ruku'u ba sujada.

"Mu ƙona gawa muke yi, kuma ɗan fari ne yake kunna wutar," ya ce. "Ni ne ɗan fari."

Da lokacin la'asar ya yi, na tashi na yi alwala, shi kuma ya jawo wayar ya fara danna lambar kawunsa.