Gangar Baba a Falona

Mahaifina makaɗin noma ne a Argungu. Idan an kira gayya a fadamar shinkafa, shi ke bin bayan manoma da ganga, kowa da takensa. Ni kuwa ko tafi ban iya a kan kari ba, shi ya sa na kama koyarwa a Birnin Kebbi, kowa ya huta.

Da ya rasu, babu wanda ya kalli kayan kiɗansa wajen rabon gado, wato babbar ganga da kalangu guda. Sun shekara biyu rataye a ɗakinsa kafin na kwaso su. Na tarar duk igiyoyin fatar da ke ɗaure bakinsu an kwance, suna reto. Raina ya ɓaci, na ce wannan ai wulaƙanci ne. Ban tambayi kowa ba, na kai wa wani makaɗin mahauta a kasuwa ya ɗaure mini su tamau, na kafa ƙusa a falona na unguwar Nasarawa na rataye. Baƙi na yabawa, ina ta hura hanci.

Da bazara ta shigo, gangar ta fara magana. Ba kullum ba. Wajen azahar, gida ya yi tsit, sai a ji dum, sau ɗaya, kamar an ɗora mata yatsa. Na yi wa matata bayanin yadda zafi ke jan fata, har da misali, kamar ina aji. Ta ce to, malam, amma daga ranar ta bar cin abinci a falo.

Cikin haka Inna, mahaifiyata, ta zo ganin likitan ido ta sauka wurinmu. Kwananta uku muna zaune, gangar ta ce dum. Inna ta ce, "Na'am." Ta miƙe da saurin da na daɗe ban gani gare ta ba, ta ɗebo ruwa a kofi ta ajiye ƙarƙashin ƙusar. Haka Baba ke yi idan ya dawo fadama, bugu ɗaya a ƙofar gida, ita kuma ta taro shi da ruwa.

Sai ta juyo. "Wa yaɗ ɗaure ta?"

Na ce ni ne.

"Kai dai ba ka tambaya. Makaɗi in ya kau, kwance mai kayan kiɗi akai, don kada su yi ta kiran mutane."

Na tashi zan ɗauko wuƙa, ta riƙe mini riga. "Bar ta. Shekara biyu ban ji shi ba."

Tun daga nan Inna ta tare a falo. Ta daina zancen komawa gida, ta daina zancen ido. Da hantsi take jan tabarma gaban gangar ta zauna. Idan an kawo tuwo sai ta ce a rufe, sai Baba ya iso su ci tare. Ran da gangar ta yi shiru, haka za ta wuni da ruwa kawai. Cikin mako uku zobenta ya fara zamewa daga yatsa. Ruwan kofin nan kuma kafin la'asar yakan ragu. Na san zafi na shan ruwa, ni ke koya wa yara haka. Amma na daina leƙa shi.

Tsoro ya kama ni sosai, tsoron kada in rasa ta. Kuma ban son rabuwa da gangar, don ita kaɗai ce abin da ya rage mini mai shatin hannun Baba, wurin da tafinsa ya goge itacen har ya yi sheƙi. Na yi kwanaki ina jan ƙafa.

Ranar da matata ta raka Inna asibiti, na sauke gangar da kalangun na sa a mota. Daidai Ambursa, kan kwalta sumul, gangar ta ce dum daga kujerar baya. Ban waiwaya ba, salati kawai na yi ta yi har Argungu.

Na kai wa wani tsoho da yake yi wa Baba amshi a da. Bai yi mini faɗa ba. Ya zauna ya kwance igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, bakinsa na motsi, sannan ya ce, "Tahi ka ba tsohuwa abinci."

Na baro su can, na dawo na iske Inna zaune tana kallon ƙusa. Da yamma ta cinye tuwonta tas, matata har da hamdala. Washegari ta ɗaure kayanta ta ce in mai da ta gida.

Muka kama hanyar Argungu. Sai da muka tsaya ƙofar gida, na zagayo na buɗe mata, ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Sau biyu ke nan ana ɗauke man shi. Na hwarko dai Allah yaɗ ɗauka."

Tana nan da ranta, ta yi ƙiba ma. Shekara huɗu ke nan ba ta sake taka gidana ba.