Karatun da Na Yi wa Tsuntsaye

Ranar Asabar ta farko bayan ƙaramar salla, ina ɗan shekara tara, na durƙusa gaban Malam Haruna a zaurensa na Kiyako da allona a hannu, yara sun yi tsit suna jiran abin dariya. Sura ce 'yar gajeriya, na kuwa san ta kamar yunwar cikina, amma da na buɗe baki sai harafin farko ya maƙale a maƙogwarona. Ni mai in'ina ne tun tasowata. Na yi ta kokawa da kalma ɗaya har gumi ya jiƙa mini riga, wani yaro ya kwaikwaye ni daga baya, zauren ya ɗauka gaba ɗaya. A makarantarmu ba a wanke allo sai ka biya abin da ke kansa ba tuntuɓe, saboda haka nawa ya yi wata biyar da rubutu ɗaya, tawadar ta bushe har tana ɓarewa. Yara suka ce allona ya kusa yin gemu.

A shekarun nan ana rufe ƙofar gari tun la'asar sakaliya saboda mahara, hannun kowane yaro kuma yana da amfani a gida. Babana ba mugu ba ne, manomi ne da ba ya son zuba iri a kan fako. Ya ce idan aka girbe dawa allon nan bai wanku ba, zai kai ni Fagam wurin ƙanensa in bi shanu. Inna ta yi kuka a bayan rumbu, ni kuwa ko gardama ban yi ba, don na riga na yarda kaina dutse ne. Abin da ya fi yi mini ciwo ke nan idan na tuna: kafin kowa ya sallama ni, ni na fara sallama kaina.

Da dawa ta fara nuna aka ɗora ni a kan rumfar gona korar tsuntsaye. An ja igiyoyi daga rumfar zuwa kusurwoyin gonar, an rataya musu sakaina, in na fizga su yi ta ƙara. Can ne kaɗai nake sakewa. Ina gasa gyaɗa, ina wurga majajjawa, ina rera wa tsuntsayen nan 'yan jan-baki waƙar zagi da na ƙirƙira, har kakanninsu ban bari ba. Wata rana Malam yana dawowa daga Gwaram a kan jakinsa ya tsaya a bakin hanya ya saurare ni daga farko har ƙarshe. Da na hango rawaninsa na so ƙasa ta tsage in shige, amma sai ya kaɗa jakinsa ya wuce.

Washegari da hantsi sai ga shi da allona a hamata. Ya miƙo mini, ya ce, "Isiyaku, bakin da ya zagi tsuntsu baiti goma ba gargada ba shi da ciwo. Idon mutane kake tsoro. Kada ka karanta mini, karanta musu." Ya koma gindin ɗorawa ya juya mini baya, ya hau tufkar igiya. Na ɗaga murya na ja surar da irin jan da nake wa waƙata, sai ga ta tana zuba kamar ruwa daga tulu. Na kai ƙarshe ba tuntuɓe. Bai waiwayo ba, cewa kawai ya yi, "Maimaita, na can gefe ba su ji ba."

Dattijo ne mai ciwon gwiwa, ga tasa gonar tana jiransa, amma haka ya yi ta takowa kullum har kwana ashirin da wani abu. Sannu a hankali ya fara juyowa ta gefe, daga baya ya fuskance ni sosai. Sai ya zo da yaro ɗaya, sannan uku, har da wanda ya kwaikwaye ni. Yakan ce, "Sannu ba ta hana zuwa," ni kuma na fara zargin ko dutsen nan da nake ɗauke da shi ba a kaina yake ba.

Ranar da aka ɗaure damin ƙarshe, Malam ya aika aka kira Baba zaure. Na durƙusa na fara lafiya lau, ina kai tsakiya na haɗa ido da babana, harshena ya ƙulle. Na ji shanun Fagam suna kuka a kunnena. Malam bai taɓa bulala ba, bai kuma ɗora ni a kan kalmar ba. Hannu ya sa a aljihu ya fito da sakaina biyu ya kaɗa su, ya ce, "Ga su can sun sauka, Isiyaku." Na rufe ido na ga gonar, na ƙarasa. Baba bai iya yabo ba, tashi ya yi da kansa ya ɗebo ruwa a ƙwarya ya riƙe mini ina wanke allon.

Yau gemuna ya yi fari, zaurena cike yake da yara, har yanzu kuma in na je kasuwa sai na yi in'ina kafin in taya goro. Malam Haruna ya daɗe da kwanta dama, ɗorawar ma an sare ta. Ina ganin malaman yanzu suna gaggawar yanke wa yaro hukunci tun bai san kansa ba, sai in tuna dattijon da ya taka da ciwon gwiwa don ya juya mini baya. Jikokina suna mamakin yadda nake barin jan-baki su ɗan ci dawata kafin in fizgi igiya. Tsuntsayen nan ne suka fara sauraron karatuna ba su yi dariya ba.