Mai Wankin Kwalabe da Tsutsar Tsargiya

Shekara goma sha tara Iya Mai Kwalabe ta yi tana wankin kwalabe a ɗakin binciken magunguna, har yatsunta suka koɗe saboda sabulu. Ba ta yi boko ba. Sanin itatuwa kuwa a hannun kakarta ta same shi, mai ba da magani, wadda ta riƙe ta tun tana ƙarama.

A shekarar nan Dakta, matar da ke shugabantar ɗakin, ta duƙufa kan sassaƙen wata bishiya da ake cewa yana kashe tsargiya, cutar nan mai sa fitsarin jini. Wata bakwai ana tatsar ruwansa ana ɗiga wa tsutsotsin cutar a faranti, su kuwa sai ƙara wutsil-wutsil suke kamar an ba su abinci.

Duk abin nan Iya tana gani. Ran nan ta ga an sake tura sassaƙen cikin na'urar busarwa, abin ya ci ta.

"Ranki ya daɗe, in yi karambani?"

"Faɗi mana, Iya."

"Wannan ai ba ya son wuta. Kun gasa shi kamar nama, me zai rage a ciki? A inuwa ake shanya shi, kwana tara."

Ma'aikata suka kwashe da dariya. Dakta ba ta yi ba. Ta ba ta mabuɗin sito ta ce, "Shanya mana da kanki."

Kullum da safe sai Iya ta juya sassaƙen, don kada ta ba kakarta kunya. Da kwanaki suka cika aka jiƙa shi, aka tace, aka ɗiga wa tsutsotsin. Kafin azahar Dakta ta ƙwala mata kira, ta ja Iya, hannunta duk kumfa, zuwa madubin ƙara girma.

"Me kika gani?"

Iya ta kanne ido ɗaya. "Sun miƙe sambal. Ko barci suke?"

"Barcin da ba tashi!"

Dakta ta ce da sauran tafiya kafin a ba mutum, sai an tabbatar ba ya cutarwa. Amma da aka buga sakamakon, sunan Iya na cikin masu binciken.

Mijin Iya, tsohon direba, ya sa takardar a leda ya bi maƙwabta gida-gida.

"Ku riƙa gaishe ni da kyau," yake cewa. "Masaniya nake aure."