Kaskon alkakin da na bayar

Kwana uku na yi ina zaga Birnin Zariya ina neman yafiya kafin mu tafi Umara. Haka muka tarar iyayenmu suna yi, mai niyyar ɗakin Allah ba ya tafiya da haƙƙin kowa a wuyansa. Na shiga keke daga Ƙofar Kibo har Ƙofar Gayan, na durƙusa wa yayana, na je wa maƙwabcin da muka yi rigimar katanga, na nemi waɗanda na taɓa jinkirta wa ɗinkin rigar salla. Har gidan wani tsohon abokin majalisa na je, mai bakin tsiya, wanda bai taɓa ganina bai yi min ba'a ba. Kowa ya ce ya yafe. Na dawo gida ina jin kaina wasai kamar sabon wanki.

Ranar tafiya 'yarmu ta ƙarshe, wadda take aikin jinya kuma ita ta biya mana kujera, ta kai mu filin jirgi ni da mahaifiyarta. Aka ce jirgi ya yi jinkiri. Tun a nan raina ya fara ɓaci. Yarinyar ta ja mu wani ɗan wurin cin abinci na 'yan Labanon, ta yi ta nuna abubuwa da yatsa. Aka kawo gurasa mai faɗi, da wani niƙaƙƙen wake mai riɗi da man zaitun a samansa, da yankakken ganye mai tsami, da nama a tsinke.

"Wannan fa?" na ce. "Ganyen akuya ne, ko sun manta ba su dafa ba?"

"Baba, ka ɗanɗana mana tukuna."

Na ci naman, na ture sauran. Matata kuwa tana ci a natse, tana lakatar waken da gurasa kamar ta saba. Daga ƙarshe aka kawo wani kayan zaƙi a ƙaramin faranti, an yanka shi gida-gida, ɓawonsa siriri hawa-hawa, da wani dakakken abu kamar gyaɗa a tsakiya. Yarinyar ta ce sunansa baklawa.

Matata ta ɗauki ɗaya. Ba ta kai baki nan take ba. Ta juya shi, ta danna ƙasansa da babban yatsa, ta shinshina, sannan ta gutsura. Mai wurin, wani farin dattijo mai tumbi, yana wucewa ta kusa da mu, sai ta ce masa, ita da ba ta magana da baƙon namiji:

"An zuba ruwan sukarin nan da zafinsa, shi kuma abin bai huce ba. Shi ya sa ƙasan ya yi laushi."

Mutumin ya tsaya cak. Ashe haifaffen Kano ne, Hausarsa ta fi ta jikokina. Ya ɗauki ɗaya ya ci, ya dafe kai.

"Wallahi Hajiya gaskiyarki. Na gaya wa ma'aikatan nan, na gaya musu! Da mahaifiyata na da rai da ta kore mu duka da muciya. Da wannan abin ta rene mu, mu shida. Hajiya, sana'arki ce?"

"A da," in ji ta.

'Yarmu ta zaro ido. "Inna, sana'ar me?"

Matata ta ɗago kai. Ni ta kalla.

Yarinyar tana goye lokacin da abin ya faru, kuma ba wanda ya taɓa gaya mata. Mahaifiyarta ita ce mai alkakin unguwarmu. Duk gidan da za a kai gara, wurinta ake zuwa, alkaki da dublan da nakiya. Tana kwaɓa alkamar ta kwana, da safe ta murza, ta soya a wani baƙin kasko da ta gada wurin uwarta, ta tsoma a zuma. Ni kuma a shekarun nan ɗinkin hannu ya fara mutuwa, keken zamani ya ƙwace mana manyan riguna. Ina zaune a zaure da allura, ita take ci da gidan, kuma ban taɓa jin ta faɗa wa kowa ba.

Wata rana da la'asar na isa majalisa, sai abokin nan mai bakin tsiya ya ɗaga murya: "Ku matsa, ga mijin mai alkaki!" Aka kwashe da dariya. Shi ke nan abin da ya faru. Na koma gida na tarar ta cika faranti uku na garar wasu mutane, zuma tana kan wuta. Na ɗauki tukunyar na juye a kwata. Na ce daga yau ba a ƙara soya komai na sayarwa a gidana. Kaskon kuma na ba wata mai ƙosai a bakin kasuwa, kyauta. Na ce wai mutuncin gida nake karewa. Ƙarya nake. Dariyar maza biyar ce ta fi ƙarfina, na zo na huce a kan wadda ba za ta rama ba.

Ga shi yau wani mutum yana bugun ƙirji a gaban jama'a da sana'ar uwarsa, ni kuma 'yata ba ta ma san uwarta ta iya ba. Wani irin haushi ya taso min, na rasa wanda zan ji wa sai kaina. Na zaga gari kwana uku, na je har gidan wanda ya yi min dariyar na ce ya yafe min, amma matar da muke kwana ɗaki ɗaya ko a raina ba ta zo ba.

Da mai wurin ya tafi, na sassauta murya.

"Ki yafe min maganar kaskon nan."

Ta ajiye ragowar baklawar. Shekara arba'in da wani abu muna tare, ban taɓa ganin idonta haka ba.

"Yanzu, Malam? A nan? Sai da wani Bature ya yaba wa hannuna sannan ka tuna ina da hannu?"

"Ba Bature ba ne, Inna..."

"Ke yi min shiru. Malam, da kaina na wanke maka rigar da ka sa ka je neman yafiyar mutane. Kullum ka dawo ina jira in ji ko za ka zauna ka ce saura ke. Sai ka ce in kawo maka ruwa. Na je na ba masu garar nan haƙuri ni kaɗai, ka sani? Kaskon uwata na gan shi a bakin kasuwa ana soya ƙosai, shekara biyu ina canja hanya."

Na ce jirgi za mu shiga, rai a hannun Allah yake.

"To ka shiga da nauyin. Ni ma da shi na yi ta yawo."

Haka na yi ɗawafi da maganar nan a wuyana. Mun dawo lafiya. Na sayo sabon kasko da alkama mudu biyu na ajiye mata a ƙofar ɗaki. Ta nuna min yatsunta da sanyin ƙashi ya lanƙwasa. Alkamar ta ba kaji, kaskon kuma a ciki suke shan ruwa. Na sake roƙonta sau biyu tun daga nan. Har yau ba ta ce ta yafe ba, kuma na hana 'ya'yanmu su sa baki.