Ƙaramin Ranin Yawunde Bai Kai Dutse Ba

Mu 'yan unguwar Briqueterie ta Yawunde muna da wani ciwo: gani muke samaniyar da ke kan rufinmu ita ce ta duniya duka. Idan Agusta ya kama, ruwan Yawunde yakan ɗan ɗaga ƙafa, taɓon hanyar kasuwar Mokolo ya bushe, mata su shanya kaya ba fargaba, sai kowa ya ce ƙaramin rani ya shigo. A cikin irin wannan watan ne muka kai ruwa rana da yayana a kan tafiyar Baba.

Baba mahauci ne. Yana saurayi yakan hau dutsen Manengouba sayen shanu wurin Fulanin da ke kiwo a can, ya kwana a bakin tafkuna biyun da ke cikin kwarin ƙolin dutsen. Da idonsa ya fara tafiya, likita ya gaya mana ƙarara cewa abin da ya tafi ba zai dawo ba, wanda ya rage ma a hankali zai bi sahu. Muka dawo gida. Baba ya ce shi dai a kai shi ya ƙara ganin ruwan nan.

Yaya a ranar ya fara neman mota.

"Yara suna bakans, ba makaranta, ruwa ya ɗauke, me kuma muke jira?" in ji shi.

Na ce, "Ruwan Yawunde ne ya ɗauke, Yaya. Can yanzu tsakiyar damina ake."

"Ke kin fi kowa sanin sama ke nan?"

"Saman can dai na fi ka."

Ba gadara ba ce. Aurena na fari a Melong na yi shi, a gindin dutsen nan. Na san watan da zane ke kwana a igiya har ya yi wari bai bushe ba. A Agusta gajimare ke sauka ya zauna a kan ciyawa, saniya na gabanka sai dai ka ji numfashinta, masu babur ma ƙin hawa suke. Lokacin zuwa shi ne ƙarshen Nuwamba, ruwa ya tsaya, iska ta wanku, makiyaya kuma ba su fara ƙona ciyawa hayaƙi ya rufe ko'ina ba. Baba kuwa ƙarfin tafiya ɗaya ya rage masa.

Yaya ya dube ni ya ce, "To idan kafin Nuwambar taki idon ya rufe fa? Ke za ki ɗauka?"

Na ce ni zan ɗauka. Baba yana jin mu, ya ce a bi maganar uwarsa, da yake haka yake kirana.

Lissafina ban taɓa shakkarsa ba, amma tsoro kam na ji shi. Ni tela ce, ƙyalle ba ya yi mini wuya, sai na riƙa ɗaura ɗankwali mai ihun launi kowace safiya in je gaishe shi. Idan ya ce, "Uwata, yau kuma wane biki ake?" sai hankalina ya kwanta. Wata safiya a Oktoba na ɗaura ja wur, muka gaisa, bai tanka ɗankwalin ba. Na koma shago na kifa kai a kan keken ɗinki na yi kukana, sannan na ci gaba da ɗinka masa jallabiya mai shafin bargo.

Na yi gwanjon Mokolo kaca-kaca ina tsintar rigunan sanyi da safa. Yaya yana dariya, wai Turai za mu? Na ƙyale shi, don wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Ai kuwa a ƙarshen Nuwamba da muka hau dutsen muka kafa tantinmu a bakin kwarin, rana ta karkata, sai ga gogan da riguna biyu, ya yafa zanena a ka, haƙora na kaɗawa.

Da asuba muka yi salla da ruwan da na ɗumama. Gari ya waye, kwarin fari fat, ko alamar tafki babu. Yaya ya juyo ya zuba mini ido.

"A hura wuta a dafa shayi," na ce. "Wannan raɓa ce ta tashi, rana za ta kore ta."

Haka kuwa aka yi. Hantsi na dubawa farin ya fara yagewa, ciyawa ta fito kore shar, can ƙasa ga babban tafkin yana ƙyalli. Muka zaunar da Baba a kan dutse, fuskarsa na kallon ruwan. Na ga yana juya kai a hankali, daga hagu zuwa dama, ya dawo, kamar mai leƙe ta ƙofar makulli.

"Baba, kana gani?"

"Yi shiru, uwata. Kaɗan-kaɗan nake ɗiba."

Shayinsa ya huce a hannuna. Yaya ya koma bayan tanti, na ji yana fyace hanci, wai sanyi ne. Baba bai tashi daga wurin ba sai da azahar ta yi.

Kafin ruwa ya dawo Yawunde idon ya rufe gaba ɗaya. Yana nan zaune a zaure har yau, kuma bai ƙara cewa a kai shi ko'ina ba.