Diddigena da Kunyar Inna

Na yi shekaru ina fama da diddigen ƙafata ta dama kafin in yarda a yanka shi. Kullum da asuba takun farko da zan yi daga gado sai in ji kamar na taka ƙusa, in dafe bango ina salati, maiɗakina tana cewa ashe duk gidan nan na fi kowa son ibada. Ni malamin firamare ne a nan Birnin Gwari, aikina tsayuwa gaban allo, har ta kai yaran ajina sun haddace tafiyata. Wata rana na leƙa ta taga na ga rabin ajin suna ɗingishi a layi, har da yatsine fuska, kuma wallahi sun iya.

Babu abin da ban gwada ba. Wanzami ya yi mini ƙaho, an gasa dutse na taka, na shafa wani mai da ke sa mutum hawaye tun kafin a buɗe kwalbar. Wani abokin aikina ya rantse sammu na taka a ƙofar ofis, na ce masa duk wanda zai ɓata asirinsa a kan malamin firamare shi ne abin tausayi. Daga ƙarshe aka tura ni Kaduna. Aka ɗauki hoto, likita ya nuna mini wani ɗan tsinin ƙashi a ƙarƙashin diddigen, ya ce jijiyar tafin ƙafar ma ta ɗaure, sai an yi tiyata. Aka yi, na farka na tarar da ƙafata cikin bandeji ta yi girman kabewa.

Ranar sallama likitan ya tsaya a kaina yana kafa sharuɗɗa, amma maiɗakina yake kallo, don tun shigowarsa ya gane mai iko. Kada ƙafar ta taɓa ƙasa, kada ruwa ya taɓa ta, in ina kwance a ɗora ta kan matasai ta fi ƙirjina tsawo. Sannan ya juyo gare ni.

"Malam, ban da tsugunno. In ka tsuguna ɗinkin nan zai ɓalle, in kuwa ya ɓalle ba zan ba ka tabbacin za ka sake taka ta daidai ba."

"Ka dai ji," in ji maiɗakina.

Na ji. Amma tun a wurin hankalina ya tafi Kuyello, wajen Inna, mahaifiyata. Tun da na yi wayo ban taɓa gaishe ta a tsaye ba, balle a kan gado. Daga bakin ƙofa nake cire takalmi in tsuguna, kaina a ƙasa, ita kuma ta amsa tana kallon wani wuri daban.

Ni ne ɗan farinta, Inna kuwa ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata, a ɗakinta na girma, a ɗaya sashen gidan. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, mai irin sunana ma a ƙauye sai ta laƙaba masa wani. In tana son a kira ni sai ta ce, "Ku kira wancan." Da na yi aure na samu ƙarin girma, na koma "mutumin naki." Ƙannena kuwa tana taɓa goshinsu in suna zazzaɓi, tana cusa musu ƙuli-ƙuli a aljihu, tana zaginsu tas in sun yi laifi. Ni ko zagin ban samu ba. Ina yaro abin ya sha ƙona mini rai, na girma na fahimci al'ada ce, amma fahimtar ba ta gama kashe haushin ba.

Da muka dawo gida na sa aka aika mata kada ta zo. Damina ce, hanyar Kuyello duk laka, ga dajin da kowa ke ratsawa da addu'a a baki. Ƙanena, wanda ke zaune da ita, ya bugo waya ya ce ya gaya mata, kuma amsarta ita ce, "Wa ya ce zan zo?" Na ce alhamdulillahi, sannan na yini ina yi wa kowa faɗa a gidan ba dalili.

An fito da gadona falo saboda 'yan dubiya, aka jera matasai, ƙafar ta hau sama tana fuskantar ƙofa. Duk wanda ya yi sallama da ita yake fara gaisawa. Limamin unguwarmu, mutumin da ban taɓa miƙe ƙafa a gabansa ba, ya zauna ya yi doguwar addu'a yana kallon tafin ƙafata, ni kuma ina cewa amin daga can baya kamar ɗan rakiya.

Ban san mutanen garin nan suna da ilimin ƙafa haka ba sai da na kwanta. Kowa yana da kawu ko maƙwabci da aka yi wa irin aikina, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya ƙare lafiya. Na wannan an guntule, na wancan ta shanye, na ɗaya kuma ya warke sarai sai mota ta kaɗe shi. Suna ba da labarin suna ɓare lemon da wasu suka kawo mini. Wani dattijon makiyayi, wanda matarsa ke kawo mana nono, ya zo da man shanu a ƙwarya, ya daɗe yana duban bandejin, sannan ya ce, "Malam, ka gode Allah kai mutum ne. Da saniya ce da tuni an kira mahauci." Duk cikin masu zuwa shi kaɗai ya ba ni dariyar gaske.

Maganar bayi kuwa ba zan tsawaita ba. Kafinta ya zo ya huda tsohuwar kujerar katako, ya auna ni da ido ya ce ramin zai isa, aka kafa ta a kan masai. Da sanduna biyu nake zuwa, ƙafar a rataye cikin leda, maiɗakina tana biye tana ba da umarni. Matar nan da a da in na yi tari take cewa sannu, ta koma gandiroba. Ko motsi na yi a kan gado sai in ji muryarta daga madafa, "Malam, ina ƙafar?" In ce tana nan inda kika bar ta, ba ta je ko'ina ba. Salla a zaune, wanka rabi, tsakar gidana ma sai ta taga nake ganinta. Duk na jure, don ina son in koma gaban allo in ga wanda zai sake ɗingishi a layi.

Wata ranar kasuwa da hantsi na ji tsayuwar babur a ƙofar gida, na ji sallamar ƙanena, sai kuma wata murya da ta sa na nemi hulata ban san lokacin ba. Inna ce. Na hango ta ta taga, zanenta duk laka har gwiwa, tana dafe da kafaɗar ƙanena.

"Inna! Ke da aka ce kada ki zo?" in ji maiɗakina.

"Kanwa na zo saye," in ji Inna.

Kamar an taɓa rasa kanwa a Kuyello. Ta zagaya gidan a hankali, ta tambayi jikokinta ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi akuya, ta ce kajin sun rame. Ban ji ta tambayi wani mai ƙafa ba. Daga ƙarshe yayyafi ya sauko, babu yadda za a yi, aka shimfiɗa mata tabarma a falo. An ba ta kujera ta ƙi. Ta zauna a ƙasa dab da ƙarshen gadon, ta juya fuskarta wajen bango, maiɗakina ta fita kawo ruwa, ƙanena kuma ya tsaya rufe babur.

Ga ni a sama kan katifa, ga uwata a ƙasa, ga tafin ƙafata a saitin kanta. Na tuna maganar likita sarai, har muryarsa na ji. Amma jikin da ya yi shekara da shekaru yana tsugunawa ba ya neman shawara. Na dafa gefen gado na fara zamewa, na sauke ƙafar hagu, ta dama tana bisa matasai tana jira a yanke mata hukunci.

Maiɗakina ta shigo da kwanon ruwa ta kusa sakinsa. "Malam! Me likita ya ce?"

"Shi likitan ba shi da uwa ne?"

Inna ta yi magana, bango take kallo. "Me ya ce, likitan?"

"Ya ce in ya tsuguna ɗinkin zai ɓalle, Inna. Ya ce ƙafar kada ta sauka ƙasa da ƙirjinsa."

"To gaya wa mutumin naki ya zauna inda yake. Na yafe gaisuwar."

Da ta ce ta yafe sai abin ya ƙara hawa mini kai. Gaisuwar nan ita kaɗai ce abin da ke tsakanina da ita tun ina yaro, in aka yafe ta me ya rage? Na ce sai na sauka. Na ƙara zamewa, ƙafar hagu ta taka gefen tabarma, tabarmar ta goce a kan siminti, matasan suka watse. Na tafi da baya na faɗi rigingine, na ga ƙafar dama ta taso daga gado tana saukowa da nauyinta, diddige a gaba, siminti a ƙasa. Na runtse ido ina jiran ƙarar.

Ban ji ƙara ba, hannu na ji. Tsohuwar da sai an kama ta take tashi daga tabarma ta cafe ƙafar da hannu biyu tun kafin ta kai ƙasa, ta ja ta zuwa cinyarta.

Maiɗakina ta durƙusa tana jujjuya bandejin tana neman jini, ba ta ga komai ba. Inna ta tambaye ta, "Tsawon ya isa haka?" Ta ce a ɗan ƙara. Inna ta tayar da gwiwarta ta ɗora ƙafar a kai, ta tallafe diddigen da tafin hannunta. A haka dokar likita ta cika, ƙafa ta fi ƙirji tsawo, tawa ma ta cika, don ban taɓa yin ƙasa da Inna kamar ranar ba. Daga kwancen na gyara hula.

"Ina kwana, Inna. Kun zo lafiya?"

"Lafiya lau," ta ce wa bandejin.

"Ya hanya?"

"Hanya tana nan."

Ta shiga shafa yatsun da suka leƙo daga bandeji, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsince wake. Can ta ce da maiɗakina, "Ta dama ce ko?"

"Ita ce, Inna."

"Na sani. Tun yana ciki da ita yake harbina, nan ƙarƙashin haƙarƙari. Ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba."

Ban san yadda mace ke gane dama da hagu daga cikin ciki ba, kuma ban tambaya ba. Abin da na sani shi ne, tun da aka haife ni ranar ce Inna ta fara faɗa da bakinta cewa daga jikinta na fito. Hawaye suka zubo mini, suna gangarawa cikin kunne saboda yadda nake kwance. Maiɗakina ta ɗauka zafi ne, ta ce bari ta kawo magani.

"Ƙyale shi," in ji Inna. "Raki ne. Tun yana jariri haka yake, ragon banza."

Na samu zagin. Ƙanena da ya shigo a daidai lokacin ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon yayansa kwance a ƙasa yana kuka yana dariya, ya rasa wanda zai tambaya.

Ba ta saki ƙafar ba har aka kira azahar, sai da gwiwarta ta sage aka kama mu mu biyu, ni aka mai da ni gado, ita aka miƙar da ita. Bayan salla ta ce su kama hanya tun rana tana sama, kada yamma ta same su a daji. Suna fita na ji ƙanena yana cewa, "Inna, kanwar fa?" Ta ce ta yi tsada. Ko hanyar kasuwar ba su bi ba.

Ɗinkin bai ɓalle ba. Na ajiye sanda ɗaya, daga baya na ajiye ɗayar, na koma makaranta ina taka ƙasa a hankali. Da aka gama girbin dawa hanya ta bushe, na hau mota na tafi Kuyello. Na cire takalmi a bakin ɗakin Inna, na tattara riga zan tsuguna, sai na ga wata 'yar gajeriyar kujera sabuwa an ajiye ta daidai wurin da na saba tsugunawa. Inna tana zaune a bakin gadonta tana kallon taga.

"Ku gaya wa wancan ya zauna," ta ce, "kada ya ɓata wa mutane ɗinki."

Babu kowa a ɗakin sai ni da ita. Na zauna.